KWANA 72 SUN YI YAWA

A wannan mako muna so mu jawo hankalin jama'a ga wata magana wadda ba a cika tayar da ita a wurin lacca ba, ko da ya ke ta shafi tuwon kowane mai gida tun daga Birnin Kudu har Gwaram. Maganar kuwa ita ce ta kwanakin nan da ke tsakanin ranar da talakawa su ke jefa ƙuri'a da ranar da wanda suka zaɓa ya ke kama aiki. Mu dai a ganinmu kwanakin sun yi yawa ƙwarai, sa'an nan kuma sun faɗo daidai lokacin da manomi ya fi bukatar a ce akwai mai iko a ofis.

Bari mu fara da lissafi, don kada a ce ƙorafin 'yan hamayya ne kurum. A shekarar 2023 an yi zaɓen Shugaban Ƙasa da na Majalisar Tarayya ran 25 ga Fabrairu, aka yi na Gwamna da na Majalisar Jiha ran 18 ga Maris. Amma ba a rantsar da Gwamna ko Shugaban Ƙasa ba sai ran 29 ga Mayu. Watau Malam Umar Namadi ya yi jiran kwana 72 kafin ya karɓi Jihar Jigawa, Shugaban Ƙasa kuwa ya yi jiran kwana 93. Wakilan da aka zaɓa zuwa Abuja su suka fi kowa daɗewa, gama sabuwar Majalisa ba ta zauna ba sai ran 13 ga Yuni, kwana 108 ke nan. Mutumin Kila ko na Sundimina da ya sha rana a layi cikin Fabrairu don ya sake wakili, tsohon wakilin nan shi ya ci gaba da ɗaga hannu da sunansa har wata uku da rabi.

In mai karatu ya waiwaya baya zai ga abin ba shi da ƙa'ida ɗaya. Sau huɗu mulkin jihar nan ya sake hannu tun da soja suka koma bariki. A 1999 Alhaji Saminu Turaki ya jira kwana 140. A 2007 Alhaji Sule Lamido ya jira 45. A 2015 Alhaji Badaru Abubakar ya jira 48, shi ma don an ɗage zaɓen ne da mako shida. Sai 72 ɗin da muka ambata. Dalilin wannan hawa da sauka shi ne tsarin mulki, bayan gyaran da aka yi masa a 2010, ya bar wa Hukumar Zaɓe fili mai faɗi: ta sa ranar zaɓe duk inda ta ga dama tsakanin kwana 150 da kwana 30 kafin wa'adin mai ci ya ƙare.

To, mutanen Birnin Kudu ba sai an kai su Turai ba kafin su san ana iya yin abin da sauri. An ƙirƙiro Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta 1991. Aka yi zaɓen Gwamna ran 14 ga Disamba na wannan shekara, ɗan garin nan Alhaji Ali Sa'ad Birnin Kudu ya ci, ran 2 ga Janairu 1992 ya karɓi mulki daga hannun Kanar Olayinka Sule. Kwana 19 kacal. Jihar kuwa a lokacin jaririya ce 'yar wata huɗu, ofisoshin Dutse ba su kammala ba, ma'aikata da yawa suna ta kai da kawowa daga Kano, ba wayar hannu, ba kwamfuta a kan kowane tebur. Duk da haka sama ba ta faɗo ba. Yanzu da a ke aika sakamakon rumfa cikin ƙiftawar ido, shi ne za a ce mana sai an yi wata biyu da rabi ana shiri?

Ko sarautar gargajiya, wadda mu ke yawan faɗa mata gaskiya a wannan shafi, ta fi mu gane wannan. Da Allah ya yi wa Sarkin Dutse Alhaji Nuhu Muhammad Sanusi rasuwa a ƙarshen Janairu 2023, mako bai zagayo ba aka sanar da magajinsa. Magabata sun san haɗarin barin gari ba a san mai shi ba.

Me ke faruwa a cikin kwanakin nan? Mutanen Amurka suna kiran gwamnati mai barin gado gurguwar agwagwa, wai don ba ta iya tashi. Sunan ya kama rabin gaskiya. Lalle wajen aikin jama'a gurguwa ce, amma wajen sa hannu a takarda ƙafafunta biyu lafiya lau su ke. Mutumin da ya san ba zai sake tsayawa gaban talakawa neman ƙuri'a ba, ga mabuɗin baitulmali a aljihunsa, ga hatimi, ga 'yan sanda a ƙofa, ba abin da zai tsare shi sai tsoron Allah. Waɗansu suna da shi, mun kuwa yaba musu. Amma ba a kafa doka a kan fatan kowa zai zama waliyyi. A irin wannan lokaci ne a jihohi da dama na ƙasar nan a kan ji an ɗebi ma'aikata da daddare, an raba filaye, an biya ɗan kwangila kuɗin aikin da bai gama ba, an ci bashin da jikoki za su biya, motocin gwamnati kuma sun yi ɓatan dabo.

Ba sai mun ƙaga misali ba, ga su nan a rubuce. Ran 3 ga Yuni 2015, ana saura 'yan kwanaki wa'adinta ya cika, Majalisar Dattawa ta zartar da shirin doka 46 cikin minti goma, alhali da yawa daga masu zaman ba za su dawo ba. A farkon Mayu 2023 Majalisar Tarayya mai barin gado ta amince a mai da bashin Naira tiriliyan 22.7 da Gwamnatin Tarayya ta ci a Babban Banki ya zama bashi na dogon lokaci. Ba mu shiga gardamar ko matakin daidai ne ko kuskure ba. Abin da mu ke tambaya shi ne, magana mai nauyi haka, me ya sa waɗanda jama'a suka riga suka sallama za su yanke ta, waɗanda aka zaɓa suna zaune a waje suna karantawa a jarida?

Wannan ɓarnar gaggawa ke nan. Akwai kuma ɓarnar zama, ita ma ba ƙarama ba ce. An sa ranar ƙidayar jama'a 3 zuwa 7 ga Mayu 2023, an kashe kuɗi, an koyar da malaman ƙidaya, sai ana saura 'yan kwanaki aka ɗage, aka ce sabuwar gwamnati ta sa rana. A cikin Mayu 2015 kuwa kowa ya tuna yadda man fetur ya ɓace a ƙasar nan, saboda rigimar bashi tsakanin dillalan mai da gwamnati mai tafiya, har bankuna suka riƙa rufewa da wuri. Dillali ba ya son ya ba da kaya bashi ga wanda zai tashi gobe, mai zuwa kuma ba shi da ikon sa hannu. Maƙwabtanmu na Kano sun ga wani salon a 2023, inda Gwamna mai jiran gado, Injiniya Abba Kabir Yusuf, ya riƙa fitar da sanarwa yana gargaɗin masu ba gwamnati bashi da masu gini a filayen hukuma, Gwamna mai ci kuma yana cewa har yanzu shi ke da iko. Jiha ɗaya, murya biyu, har wata biyu. Ɗan kasuwa ya rasa ta wa zai bi.

Yanzu mu dawo gida, gama a nan ne maganar ta fi yi mana ciwo. Ku duba watannin da jiran nan ya ke cinyewa: rabin Maris, da Afrilu, da Mayu. Wane manomi ne a Kantoga ko Basirka ko Fagam bai san abin da watannin nan su ke nufi ba? Lokacin sharar gona ke nan, da kai taki, da gyaran garma, da neman iri. Mu nan kudancin jiha ruwa ya kan riga na arewa sauka, ƙarshen Mayu ko farkon Yuni an yi shuka, mai binne ma ya riga ya zuba gero a ƙasa yana jira. Duk abin da gwamnati za ta yi wa manomin damina, takin zamani ne, ingantaccen iri ne, maganin feshi ne, bashin shanun huɗa ne, to, a cikin Maris da Afrilu a ke sayensa a kai rumbu. Kwalbatin da ruwan bara ya cinye, da hanyar da ta yanke tsakanin ƙauye da kasuwar Sara, da magudanar da ta toshe a cikin gari, da rufin makarantar da iska ta yaye, duka aikin rani ne. In ruwa ya sauka an gama magana sai baɗi.

A shekarar zaɓe kuwa su wa ke ofis a watannin nan? Kwamishina yana tattara takardunsa, hankalinsa yana kan inda zai faɗa. Babban sakatare ba zai taɓa babban fayil ba, don yana tsoron kada sabon maigida ya zo ya tuhume shi. Ƙananan ma'aikata sun karkata ga gidan mai jiran gado, can a ke cika da safe, can a ke cika da yamma. Malamin gona a ƙauye yana jiran umurni daga Dutse, umurni ba ya zuwa. Ba mu zargin ma'aikaci, kowa aka sa a wannan hali haka zai yi.

Sa'an nan kada mai karatu ya zaci ran 29 ga Mayu jiran ya ƙare. Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba Gwamna da Shugaban Ƙasa kwana 60 bayan rantsuwa su miƙa sunayen kwamishinoni da ministoci, ban da kwanakin da Majalisa za ta yi tana tantancewa. An yi wannan gyara ne don kada a maimaita abin da ya faru a 2015, sa'ad da ƙasar nan ta zauna ba ministoci har 11 ga Nuwamba. Madalla da gyara. Amma ku haɗa 72 da 60 ku gani: kwana 132. Doka ta yarda jiha ta kai ƙarshen Yuli ba ta da kwamishinan gona. A ƙarshen Yuli kuwa an yi noman farko, an yi maimai, gero ya kusa yin ciki, takin da aka kawo a lokacin sai dai a ajiye ko a sayar wa 'yan kasuwa. Ministocin 2023 ma sai ran 21 ga Agusta suka yi rantsuwa. Damina guda ke nan cikin kowace huɗu mu ke sa wa a caca, a jihar da kusan kowane gida da fartanya ya ke ci.

Akwai wani haɗari kuma wanda ya fi na taki girma, dattawanmu sun gan shi da idonsu. An yi zaɓe ran 12 ga Yuni 1993, aka ce za a miƙa mulki ran 27 ga Agusta. A cikin wannan tazara ce aka sami sukunin kai da kawowa har aka soke zaɓen. Abin da ya biyo baya kowa ya sani: kafin shekara ta ƙare soja sun rushe kome, Gwamnan nan ɗan Birnin Kudu da aka rantsar cikin kwana 19 ya sauka cikin Nuwamba bai cika shekara biyu ba. A Jamhuriyar Nijar ma, an yi zagaye na biyu ran 21 ga Fabrairu 2021, aka sa rantsuwa 2 ga Afrilu, ana saura kwana biyu waɗansu soja suka gwada juyin mulki a Yamai. Muddin wanda aka zaɓa bai zauna ba, masu mugun nufi suna ganin ƙofa a buɗe take.

Sauran ƙasashe fa? A Ingila an yi zaɓe ran 4 ga Yuli 2024, washegari sabon Firayim Minista ya shiga ofis. Za a ce tsarinsu dabam ne, gaskiya ne, irinsa muka yi a 1959 sa'ad da aka yi zaɓe ran 12 ga Disamba, Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati kafin watan ya ƙare. To, mu ɗauki masu shugaban ƙasa irin namu. Gana tana zaɓe ran 7 ga Disamba, ta rantsar ran 7 ga Janairu, tana kuma da dokar miƙa mulki tun 2012. Senegal ta yi zaɓe ran 24 ga Maris 2024, ta rantsar ran 2 ga Afrilu. Amurka, wadda muka kwaikwayo tsarinta, ta daɗe tana zaɓe cikin Nuwamba ta rantsar ran 4 ga Maris, sai da ta sha wuya. An zaɓi Roosevelt cikin Nuwamba 1932 ana tsakiyar karayar arziki, ya zauna wata huɗu yana kallo, bankuna suna ta rushewa, tsohon shugaba ba mai jin maganarsa. A 1933 suka gyara tsarin mulkinsu suka dawo da rantsuwa 20 ga Janairu. Har yanzu tasu tazarar tana da tsawo, ba mu ce a bi su sau da ƙafa ba, amma sun nuna ranar rantsuwa ba saukakkiya ba ce, mutane ne suka sa ta, mutane kuma suna iya matsar da ita.

Mun san amsar da za a ba mu, kuma ba amsar banza ba ce. Za a ce a bar tazara mai tsawo don kotu ta gama shari'ar zaɓe kafin a rantsar da kowa, kada wanda ya yi maguɗi ya hau kujera ya riƙa kare kansa da kuɗin jama'a. Kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya ba da shawarar a gama shari'a kafin rantsuwa tun 2008. A kan wannan hujja ce kuma a cikin Oktoba 2025 aka kawo shawara a Majalisar Tarayya wai a riƙa yin zaɓe kwana 185 kafin ƙarshen wa'adi, watau cikin Nuwamba. Mu 'yan hamayya mun fi kowa sanin zafin zuwa kotu da wanda ke riƙe da baitulmali. Amma wannan magani ya fi cutar muni, an gudu gara an faɗa zago. Wata shida cur jiha tana hannun wanda aka kayar! Dukan rani ke nan, tun daga kaka har faɗuwar ruwa.

Ciwon yana wurin kotu, can ya kamata a sa magani. Doka ta ba mai ƙara kwana 21 ya shigar, kotun zaɓe kwana 180, ɗaukaka ƙara kwana 60, shari'ar Gwamna kuma ta ƙara wani 60 a Kotun Ƙoli. Shi ya sa kwana 93 na 2023 ba su yi amfanin kome ba: hukuncin ƙarshe a kan zaɓen Shugaban Ƙasa ya fito ran 26 ga Oktoba, na Gwamnan Kano kuwa sai 12 ga Janairu 2024. An yi jiran, ba a kuma sami abin da aka ce a ke jira ba. Alhali a 1979 an yi zaɓe ran 11 ga Agusta, Cif Awolowo ya kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke ran 26 ga Satumba, aka rantsar da Alhaji Shehu Shagari ran 1 ga Oktoba, duka cikin kwana 51. A Kenya tsarin mulki ya ba Kotun Ƙoli kwana 14 tak: a 2022 sun yi zaɓe ran 9 ga Agusta, hukunci ran 5 ga Satumba, rantsuwa ran 13. Abin da ke cinye watanni a kotunanmu shi ne an ɗora wa mai ƙara ya kawo shaida rumfa rumfa. A juya abin, a sa Hukumar Zaɓe ta kawo takardunta ta nuna yadda ta sami lissafinta, za a ga shari'a ta gajarce.

Waɗansu kuma za su ce sabon Gwamna yana bukatar lokaci ya san abin da zai tarar. Mutumin da ya yi wata da watanni yana yawo ƙauye ƙauye yana cewa ya san ciwon jiha ya san maganinta, in har bai san wanda zai ba ma'aikatar gona ba sai bayan wata huɗu, to, a wurin lacca ba gaskiya ya faɗa mana ba. Takardun miƙa mulki kuwa aikin manyan sakatarori ne, ana iya tilasta musu da doka su kammala su tun kafin ranar zaɓe, ko wa zai ci.

Ga abin da mu ke nema. Kada tazarar ta wuce kwana 30 ga Gwamna da 'yan majalisa, ko 45 ga Shugaban Ƙasa don a bar wurin zagaye na biyu. Hukumar Zaɓe tana iya kusantar wannan ba tare da an taɓa tsarin mulki ba, ta mai da zaɓe cikin Afrilu kamar yadda aka yi a 2007 da 2011. Amma mu ba wannan muka fi so ba, don ko an yi haka sabon Gwamna zai zo ne ruwa na bisa kansa. Mun fi son a bar zaɓe cikin sanyi ko farkon bazara, a jawo rantsuwar baya zuwa farkon Afrilu, a kuma rage kwana 60 na naɗa kwamishinoni zuwa mako biyu. Ranar 29 ga Mayu ba wani asiri gare ta ba, ita ce dai ranar da Janar Abdulsalami Abubakar ya miƙa mulki a 1999, aka yi ta ƙirga shekara huɗu huɗu daga nan. Matsar da ita na nufin gwamnati ɗaya ta haƙura da 'yan makonni na wa'adinta. Roosevelt ya haƙura da kwana 43, Shugaban Meziko da ya sauka a 2024 ya haƙura da wata biyu. Sa'an nan ko kwanakin sun zama nawa, a ɗaure hannun mai barin gado: daga ranar zaɓe ba cin bashi, ba ɗaukar ma'aikata, ba rabon fili, ba sabuwar kwangila, sai albashi da abin da ya zama na gaggawa kamar annoba ko gobara. Wannan ta ƙarshe Majalisar Jiha da ke Dutse tana iya yinta da kanta, ba sai ta jira Abuja ba.

Muna tuna wa jam'iyyar APC cewa a 2015 ita ce a waje tana ƙirga kwanaki tana kukan abin da a ke yi a ciki. Kujera juyawa ta ke yi, dokar da mu ke nema za ta ɗaure mu kamar yadda za ta ɗaure su.

Gyaran tsarin mulki ba ya tabbata sai kashi biyu cikin uku na Majalisar Tarayya sun yarda, da majalisun jihohi 24 cikin 36. Ashe wakilanmu na Dutse suna da baki a ciki, haka wakilin Gwaram da na Birnin Kudu da Buji a Majalisar Wakilai, da Sanatan wannan yanki. Saboda haka, 'yan'uwa, duk ranar da ɗayansu ya zo gida, wurin ɗaurin aure ne ko ta'aziyya ko ran kasuwa, bayan an gaisa a tambaye shi a gaban jama'a: kwana nawa ya yarda a bari tsakanin ƙuri'a da rantsuwa? Wanda ya ba da amsa a rubuto mana, za mu buga ta da sunansa a wannan shafi. Wanda ya yi shiru ma za mu buga.